Shaida na Uku

Tana cikin goge bencin ƙarshe magatakarda ya leƙo ya ce, "Inna, bar wannan, zo ki kama mana labule."

Shekara goma sha tara tana sharar kotun nan, ba ta taɓa ganin an kewaye wurin shaida da labule ba. Baƙi ne mai kauri, har ƙasa. Magatakarda ya ce sabuwar doka ce: wanda zai ba da shaida kan masu ƙwaya da bindiga ba a ganin fuskarsa, ba a kiran sunansa, muryarsa ma na'ura ke sauyawa.

"Ku ara mini na'urar mana," in ji Inna. "Akwai maganar da na daɗe ina son gaya wa surukina."

Da aka fara zama ta raɓe bakin ƙofa da bokitinta. Mutum huɗu ake tuhuma, 'yan uwansu sun cika benci biyu. Aka kira shaida na uku. Wata ƙatuwar murya ta fito daga lasifika, kamar mai magana a cikin rijiya. Ta ce a tashar mota kwali ya faɗo daga kan sikeli ya fashe. A jikinsa an rubuta sabulu, a ciki kuwa ƙwayoyi ne da harsasai.

Inna ta kasa kunne. Autarta a ofishin aika kaya na tashar take aiki. Amma ai ma'aikata sun fi talatin a wurin.

Lauyan waɗanda ake tuhuma ya miƙe, ya ambaci sunan ɗaya daga cikinsu. "Malam, kana tsammanin wannan mutumin ne ya kawo kwalin?"

"Ban ce ina tsammani ba. Cewa na yi na gani."

Inna ta damƙe hannun bokiti. Tun Auta na 'yar shekara shida haka take amsa mata in an fasa kofi a gida, har da ɗan tsayawar nan a tsakiya. Awa guda lauya yana juya tambaya, muryar ba ta sauya ko kalma ɗaya ba.

Da aka tafi hutu wani mai farar riga, wan ɗaya daga cikin mutum huɗun, ya tare ta a baranda yana murmushi.

"Sannu da aiki, Mama. Ke da kike ciki, ta wace ƙofa suke fitar da mai shaidar nan?"

"Ni ƙasa nake kallo, ɗana. Aikina ke nan."

"Namiji ne ko mace?"

Ta dube shi ido cikin ido. "Ka taɓa jin mace da wannan murya? Ɗaga ƙafarka, ka taka mini inda na goge."

Ya ɗaga.

Da la'asar ta iso gida ta tarar da Auta na cusa kaya a jaka. Wata jami'ar tsaro cikin kayan gida na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce za su kai Auta wani wuri har a gama shari'a, wata uku ko fiye, kuma ba waya.

"Inna, an hana ni faɗa ne," in ji Auta, kanta a ƙasa.

"Na tambaye ki?"

Ta karɓe jakar, ta zazzage, ta sake ninke rigunan ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta ja zif ɗin ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

Motar da ta tafi da Auta na shan kwana maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Ina Auta za ta da jaka haka?"

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Ƙarin girma ta samu."