Ƙwan Zabin Mba Ziblim

Karo na huɗu ke nan Wumbei, mai gyaran intanet, yana hawa rufin asibitin ƙauyen nan, kwano na gasa masa tafin ƙafa. Faifan intanet lafiya lau, igiya ko ɓera bai lasa ba. Amma wayar asibitin, wadda da intanet take aiki, sai ta yi minti goma garau, can kuma ɗif! Maigidansa a Tamale ya riga ya faɗa masa: in ya dawo yau bai gano matsalar ba, ya ajiye makullin babur.

"Sauko kafin ka soyu," in ji Sanatu, ungozomar asibitin. "Jiya ina cikin gaya wa likita jinin wata mai ciki ya hau, layi ya ɗauke. Kafin ya dawo likita ya tafi cin abinci."

"Me kuke kunnawa in zai ɗauke?"

Sanatu ta dubi maigadi. Maigadi ya dubi sama. Mai shara ta hau share inda ta riga ta share.

* * *

Wumbei ya ja kujera ya zuba wa akwatin intanet ido. Can ya ji wani abu ya yi ƙyat a ɗakin magani, ya fara gurnani, nan take fitilun akwatin suka mutu. Ya bi igiyar da ta fito daga batirin sola, ya tura ƙofa.

Ikon Allah! Injin ƙyanƙyasa ne, cike maƙil da ƙwan zabi. Duk sanda ya huce sai ya tashi ya zuƙe wuta, waya ta suma.

"Ɗana, ka iso?"

Mba Ziblim ne, shugaban asibitin, kuma kawun matar Wumbei. Shi ya ba da aurenta. Wumbei bai san sanda ya durƙusa ba. Aka gaida gida, aka gaida gona, aka gaida gajiya, yana ta amsawa da "Naa, naa" irin ta mutanen yankin, zufa na bin bayansa.

"Mba, na ga... an yi baƙi a ɗakin magani."

"Saura kwana tara su fashe. Su ma rai ne, ɗana. Asibiti ba don rai aka gina shi ba?"

"Haka ne, Mba. To bayan sun fashe?"

"Sai a zuba wasu mana."

Haushi ya cika Wumbei har wuya, amma wane ɗan halak ne zai miƙe tsaye ya ce wa suruki cire? Ya ɗauki biro ya rubuta cewa tsawa ce ta taɓa akwatin, a aiko sabo. Ya san maigida zai karɓi wannan, ya san kuma sabon ma suma zai riƙa yi. Mba Ziblim ya buga hatimi, ya sa aka ɗaure masa zabuwa mai ƙiba a bayan babur.

* * *

A bayan gari ya hango mutum a kan suri. Sanatu ce, ta ɗaga ƙaramar wayarta sama tana juyi, ko za ta kamo layi ta kira likita. Safar hannunta jina-jina.

Wumbei ya rage gudu. Ta dube shi, ta dubi zabuwar, ta ce, "A gaida mutan gida."