Ciwon Gwiwar Baba Tela

Ina riƙe da ƙararrawa, idona a kan agogo, sai Baba Tela ya fara faɗin abin da ba ya cikin takarda.

Aikina a asibiti ba babba ba ne, ko da yake a gida nakan bari a ɗauka babba ne. Likitocin da ke koyon duba kowa da kowa, daga jariri har kaka, ni ke tsara musu jadawali, in nemo musu ɗaki da kujeru. Laraba kuwa ranar gwaji ce: a kawo lafiyayyu su yi ciwon ƙarya, likita ya yi tambayoyinsa na minti goma, ni in kaɗa ƙararrawa. Shekara ashirin da biyu a asibiti, abin da na ƙware a kai ke nan.

Ni na kawo Baba Tela. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun da idonsa ya daina ganin kafar allura yake zaune a ƙofar gida yana kushe ɗinkin masu wucewa. Ya karɓi aikin hannu biyu. Ya yi ciwon suga, ya yi gyambon ciki, ya yi mantuwa har sai da wani likita ya share hawaye. A kan tsohon keken ɗinkinsa yake haddace takardar da na rubuta, matarsa na bibiya da yatsa. Alfaharinsa ɗaya: bai taɓa kauce wa rubutu ba.

Ran nan ciwon gwiwa na rubuta masa. Sai ga shi yana shafa muƙamuƙi, wai hannun hagu ya yi masa nauyi tun safe. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa alhali fanka na juyawa. Malamin likitocin ya fita amsa waya. Likitar da ke gaban Baba sabuwa ce, siririya mai rubutu da hagu. Ta ajiye biro ta kama wuyan hannunsa.

Na yi gyaran murya. Na ɗaga takarda ta bayan kanta, na nuna masa gwiwata.

Ya gan ni. Ya zare hannunsa a hankali, ya dafe gwiwa, ya saki nishin nan nasa mai kyau.

"Baba, wancan na takarda ne ko naka ne?" in ji ta.

"Na takarda ne, 'yata. Tsufa ne, na haɗa da na makon jiya."

Makon jiya ciwon kunne ya yi. Ni na rubuta, kuma ni kaɗai na san haka ban da shi. Amma minti goma ya cika, ga likitoci biyar a layi. Ta roƙe ni minti biyar ta auna shi da gaske. Na ɗauko muryar da nake ajiye wa sababbi, na ce ranar jarrabawa ba mai ƙara mata ko daƙiƙa. Na kaɗa.

Tare muka dawo gida. Sau biyu ya tsaya a hanya, wai yana duba yadda aka ɓata wuyan rigar wani. A bakin ƙofa ya ba ni haƙuri da ya rikita mini tsari. Ni kuwa na ce ba komai, a dai kiyaye, don gwiwar za a maimaita mako mai zuwa. Ni ne ma na yafe masa.

Washegari da hantsi ya faɗi a tsakar gida. Kafin a samo mota ya cika. Zuciya ce, aka ce.

Likitar ta zo gaisuwa. Ta gaishe ni da ladabi, har da tambayar iyali. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Da mutane suka ragu, matarsa ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini takardar, a ninke gida huɗu.

"Ga kayanka, maƙwabci. Da kuka dawo ran nan sau uku ya sa na bi masa ita. Ya ce ba zai sake ba ka kunya ba."

Na buɗe. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin "gwiwa" da shuɗin allin tela.

Tana cikin aljihun teburina yanzu, kusa da ƙararrawar. Duk Laraba in na sa hannu zan ɗauko ƙararrawar, sai yatsana ya fito da ɗan shuɗi.