Mara Me?

Jiya bayan azahar ciwon mara ya kayar da ni, barci ya sace ni, na yi wani mafarki. Wata huɗu ke nan da rasuwar Inna. Tun da na fara al'ada ita ke yi mini maganin ciwon nan, ban taɓa tambayarta sirrin ba.

Sai ga ni a wata tasha inda motoci ke tsaye, garuruwa ne ke zuwa su wuce. Wata zabuwa ce ke yankan tikiti. Na isa gabanta a duƙe.

"Baiwar Allah, me ke tafe da ke?"

"Ciwon mara."

"Mara me? Mara kunya layin can, mara aure layin nan. Ƙarasa maganarki."

Mutanen bayana suka fara tsaki.

"Mara uwa," na ce.

Ta buga mini hatimi a goshi ba ta kalle ni ba.

Sai ga ni cikin wani jan ɗaki. Tsofaffi biyu sun kama bangon suna murɗawa kamar masu matse wanki. Duk murɗa ɗaya sai na ji ta har cinyoyina.

"Don Allah ku sassauta!"

"Ba mugunta ba ce, 'yar nan," in ji ɗaya. "Mahaifarki ce. Shimfiɗa aka yi wa baƙo, bai zo ba, shi ne muke fitar da ita."

A bayan ɗakin na tarar da Inna kan tabarma tana dafa ruwa, tukunya a ƙasa, wuta a samanta.

"Tasalla, ƙatuwa da ke har yanzu kina birgima?"

"Ke ce ba ki koya mini ba."

"Na ɗauka da sauran lokaci."

Ta cika kwalba da ruwan zafi, ta naɗe da ɗankwalinta, ta ɗora mini a mara.

"Ga wannan. Citta a shayi. Ƙwayar rage ciwo tun yana somawa. In ya fi ƙarfinsu, asibiti, ban son jarumta."

"Duk na yi, Inna. Ba ya lafawa kamar naki. Akwai abin da kika ɓoye mini."

Ta daɗe tana kallona.

"Ba abin da na ɓoye. Zama kawai nake yi kusa da ke har ya wuce."

"To ki zauna."

Ta taso. Tabarmar ta fara tsawo. Tana takowa, tabarmar na ƙaruwa, har na daina gane fuskarta.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na farka na riga na matsa gefe, na bar mata wuri.