Ƙadandoniya a Ɗakin Mai Jego

Shekara talatin Inno tana yi wa masu jego wanka a ƙauyen nan na gefen Kura, ba a taɓa ce mata mayya ba sai a gidan Hambali mai noman shinkafa. Kwana huɗu da haihuwar matarsa Saliha, ƙadandoniya ta cika ɗaki, a bango, a ƙarƙashin tabarma, har ɗaya a zanen goyo.

Tambaya, uwar Hambali, ta tsaya tsakar gida ta riƙe ƙugu. "Inno, kafin ki shigo gidan nan ko ƙuda ba ma gani. In abin nan ya kai suna, a gaban mata zan faɗa."

Ko ƙuda wai! Gidan da ke bakin kanal ɗin ban ruwa.

Inno ta san in aka faɗa ranar suna, babu mai sake miƙa mata jariri daga nan har Bunkure. Ta ɗauki guda da hannu tana rantsuwa. "Ku duba, ba shanshani ba ne, ba ta cizo. Naɗewa kawai take yi, sai wari." Saliha ta ƙanƙame ɗanta ta juya baya. Wannan ya fi zagin ciwo.

Inno ta share, ta barbaɗa toka, ta yi hayaƙi, ta yi tofi. Gari na wayewa suka dawo har da 'yan rakiya. Ana gobe suna ta zagaya bayan ɗaki don ta yi kukanta inda ba mai gani, sai ƙafarta ta nutse a taɓo. Nan take watsa ruwan wanka safe da yamma. Nan take jibge ganyen darbejiyar da take fyaɗa wa Saliha, kusa da ɓuntun shinkafar da Hambali ya tara jikin bango. Ta ɗaga tarin da sanda. Ƙasa baƙa ƙirin da ƙadandoniya, tana motsi.

Ta daɗe a tsaye. Ko mayya ko ƙazama, dole ta ɗauki ɗaya.

Ta kira Tambaya ta nuna mata. "Ruwana ne da ganyena, Yaya. Ɓuntun kuwa na ɗanki ne."

Suka kwashe aka kai bayan gari. Inno ta haƙa wa ruwa hanya, ta liƙe tsagar bango da laka. Ranar suna, ƙadandoniya uku kacal aka gani. Tambaya ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana cewa Inno ƙazama ce, ba ta ambaci ɓuntu ba. Inno ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannu, Saliha ta ba ta yaron ta wanke.