Takalman Clive Tebbutt

A Northampton, in ka tambayi tsofaffin unguwarmu abin da ya kashe ƙungiyar Tin Peacocks, amsa ɗaya za su ba ka: Clive Tebbutt ne ya sha giya ya faɗi a gidan talabijin. Yayarsa Glenys ta fi shekara hamsin tana jin ana faɗin haka, ba ta taɓa cewa uffan ba, ita da ba a raba ta da zancen mutane.

A 1973 samari huɗu ne 'yan masana'antar takalma. Ranar Asabar sai su shafa hoda da jan baki, su zuba ƙyalƙyali a gashi, su hau takalma masu tafi kamar bulo, su yi ta kiɗa a kulob ɗin ma'aikata. Faifai ɗaya suka taɓa yi. Malcolm Pell ke waƙa, dogo mai ji da kai. Clive ke kaɗa gita, shi kuwa gajere ne, Malcolm yakan ɗora gwiwar hannu a kansa don mutane su yi dariya. Glenys ke ɗinka musu kaya, ita ke haɗa takalman, kuma wannan wasan na Malcolm yana ƙona mata rai.

Da aka kira su gidan talabijin a Landan, ana gobe tafiya ta ɗauki takalman ƙanenta ta ƙara musu inci uku, ta rufe da fatar azurfa. Duk wanda ya yi aikin takalmi ya san gam sai ya kwana biyu a matse. Ita ma ta sani. Ta ce a ranta ai a talabijin ba kiɗan gaske ake yi ba, faifai ake sawa su motsa baki, matakala uku kawai zai sauko.

A ta biyu tafin ya zame. Clive ya faɗa kan ganguna, wuyan hannunsa na dama ya karye gida biyu, aka cire su daga shirin. Dama a jirgin ƙasa, a hanyar zuwa, ya sha rabin kofin giya don tsoro, Malcolm kuma ya gaya wa duniya. Glenys ta karɓo takalman a asibiti, ta tura su ƙarƙashin gado.

Bana wata budurwa mai suna Imogen daga gidan tarihi ta zo tana tattara labarin mawaƙan garin. Suka zauna a kicin ɗin Glenys da shayi da biskit, Clive yana riƙe da kofi da hannun hagu kamar kullum. Imogen ta karanta musu abin da za a rubuta a jikin gilashin baje kayan ƙungiyar: ƙungiyar ta watse bayan mai gita ya faɗi cikin maye.

"In ba ka so, Mista Tebbutt, sai a sassauta," in ji ta.

"Bar shi, 'yata. Gaskiya ce. Tun ranar ban sake kai giya bakina ba, ko a bikin ɗiyata lemo na sha." Ya dubi yayarsa. "Glen, ɗauko mata takalman mana, ko kin sayar wa masu gini?"

"Ban san inda suke ba."

"Ke da kin san abin da ke cikin firjin kowa a layin nan?"

Ta hau bene tana jan ƙafa. Ta daɗe a durƙushe gaban gadon. Malcolm ya mutu, sauran biyun ma haka, babu mai tona ta. Amma wannan rubutun jikokin Clive za su karanta shi.

Ta ajiye takalman a tebur, kusa da biskit. Tafin na dama yana reto, busasshen gam ya yi rawaya a tsakani.

"Rabin kofi ba ya kada ko yaro, balle kai da ka saba," ta ce. "Ni na ƙara musu tsawo ana gobe. Gam bai kama ba."

Clive ya juya takalmin, ya sa babban yatsa a wajen haɗin. Shekara arba'in ya yi a masana'anta, ba ya bukatar bayani.

"Inci nawa?"

"Uku."

"Kwana nawa a matse?"

"Ko ɗaya."

"Haba, Glen." A hankali ya faɗa. "Mama ta mutu tana ganin mashayi ta haifa."

"Na sani."

"Da kin faɗa a asibiti, da na zage ki sati ɗaya, shi ke nan."

Imogen ta rufe littafinta, ta rasa inda za ta sa ido. Glenys ta jira ya yi tsawa, bai yi ba. Ya tashi ya sa hularsa, ya ɗauki takalman a hammata.

"Ki rubuta tafin takalmi ne ya ɓalle," ya ce wa yarinyar. "Kar ki sa sunan kowa."

"A sa nawa," in ji Glenys.

"Ba ke za ki zaɓa ba."

Haka aka rubuta. Takalman suna nan a gilashi, ba sunanta. Clive yana zuwa cin abincin Lahadi kamar da, yana yaba naman, yana wanke kwanuka. Sai dai ya daina tsokanarta, kuma duk Lahadi Glenys tana ƙona dankali da gangan ko zai ce wani abu.