Ƙofar Baba Albano

"Ajiye bulon nan, Custódio, ko in ajiye maka shi a ka!"

A tsakiyar matakala na tare maginin, yana haki. Bayansa Zeferino ne, na hawan ƙasa, wanda ya naɗa kansa shugabanmu tun da aka fara maganar sayen gida.

"Dona Graciete, ki yi wa Allah," in ji Zeferino. "Jibi injiniyar hukumar birni za ta zo. In ta ga ƙofar nan, mun kaɗe."

"Ku kaɗe mana."

"Har da ke! Ko kina da wani gida a bakin teku da ba mu sani ba?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ƙara fusata. Magadan mai ginin sun yarda su sayar wa kowane ɗan haya sashen da yake ciki, amma sai hukuma ta amince a raba ginin. Sharaɗinta kuwa kowane sashe ya tsaya da kansa, kada ya buɗe cikin na wani. In aka ƙi amincewa, masu otal da suka cinye rabin birninmu na Porto suna nan suna jira su saye ginin ɗungurungum, mu kuma mu kwashe tsummokaranmu.

Ƙofar tana tsakanin kicin ɗina da na Baba Albano. Matarsa, marigayiya Felisbina, ita ta sa shi ya fasa bangon a shekarar da mijina ya tafi neman aiki Faransa ya bar ni da tagwaye. Gininmu matakala biyu gare shi, kowace da ƙofarta ta titi. In aka toshe, kafin in kai wa tsohon miya sai na sauka hawa huɗu, na fita titi, na sha kwana, na sake hawa huɗu. Da waɗannan gwiwoyin nawa. Shi kuwa tun sanyin bara ciwon zuciya ya kwantar da shi, ɗansa yana Suwizalan, kuma ya rantse ba zai mutu a gadon asibiti ba. In yana nemana, cokali yake bugawa a ƙarfen gado.

Na kori magini, na shiga wurin Baba Albano. Yana kwance, ya rame, amma idon nan na tsohon direban tarago yana nan da kaifinsa.

"Maƙwabciya, wa kike yi wa ihu?"

"Zeferino. Bulo ya kawo."

"Ki bar su su toshe. Kada a kori gidan nan duka saboda tsoho ɗaya."

"Sannan wa zai juya ka? Zeferino?"

"Allah ya kiyaye. Hannunsa warin kifi yake." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ki ba ni mako ɗaya kawai. Felisbina tana jirana, kin san ba ta da haƙuri."

"Yi mini shiru, ka sha miyarka."

Dona Ermelinda ta hawa na biyu ce ta kawo dabara: a ɓoye ƙofar. Washegari maza suka ja babban kabad ɗina na kwanuka suka rufe ta daga wajena, daga wajen Baba Albano kuma aka jingina kabad ɗin kayan Felisbina. Ranar nan sau biyu na yi zagayen titi, na uku na zauna a matakala na kasa tashi. Ko ruwa na kasa sha. In zauna, in miƙe, in manna kunne a bango.

Washegari kuma injiniyar ta zo da hantsi, yarinya ce ƙarama, Salomé, da abin awo a hannu. Ta fara da ɓangaren Baba Albano, ta same shi yana barci, ta leƙa ta fito. Sannan ta zagayo namu, Zeferino yana biye da ita kamar jela.

"Ranki ya daɗe, kin ga bangon nan? Tun zamanin kakanni ba a taɓa shi ba."

Tana cikin awon tagar kicin ɗina na ji bugun cokalinsa a ƙarfen gado. Ƙwal. Ƙwal.

Ta ɗago kai. "Mene ne wannan?"

"Bututun ruwa ne," in ji Zeferino da sauri. "Haka yake yi in Dona Ermelinda ta buɗe famfo."

Ermelinda, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Zeferino ya zare mini ido. Saura sa hannu kawai. Na kama bakin tebur, na ce a raina bari ta fita, minti kaɗan ne.

Ƙwal. Sai kuma ƙarar cokali a ƙasa.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na sa kafaɗa na ture kabad, kwanuka suka zube, farantan aurena suka tarwatse. Na tura ƙofar, kabad ɗin Felisbina ya tokare ta.

"Kin kashe mu!" in ji Zeferino.

"Ka tura ko ka matsa!"

Injiniyar ce ta ajiye abin awonta ta sa kafaɗa. Sai Zeferino ma ya sa tasa, yana zagi ƙasa-ƙasa.

Mun sami Baba Albano ya zame daga kan matashi, leɓɓansa sun yi shuɗi. Na ɗago kansa na ɗora a hannuna. Salomé tana kiran motar asibiti.

"Maƙwabciya," ya ce, da kyar nake jin sa. "Ta sa hannu?"

"Ta sa," na ce.

"Maƙaryaciya. Ga ta can a kicin ɗina." Ya ja numfashi. "To, kira Custódio."

Bai ƙara magana ba. Kafin masu motar su gama hawa matakala, na rufe masa ido.

Salomé ta tsaya a tsakiyar ƙofar, ƙafa ɗaya a gidana, ɗaya a nasa. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Ba zan sa hannu a kan abin da na gani ba," ta ce. "Zan dawo mako mai zuwa. Bango nake so in tarar."

Zeferino ya cire hularsa.

Matakalar Baba Albano ƙunci gare ta, akwatin gawa ya ƙi juyawa a kwana. Dole ta ƙofar nan aka fito da shi, ta kicin ɗina, ta matakalarmu, Zeferino yana riƙe da gaba yana ta faɗa wa mutane su yi a hankali.

Bayan jana'iza Custódio ya dawo da bulonsa. Bai kalle ni ba, ni ma ban tare shi ba. Kafin la'asar ya gama, ya shafe, ya wanke cokalin gininsa a famfona ya tafi.

Na ja kujera na zauna. Sabon simintin ya fi sauran bangon duhu, daidai tsayin ƙofa, ya fara bushewa daga gefe-gefe.