Hanjin Jirgin Mijinyawa

Kalmar da Mijinyawa ya fi maimaitawa bayan an sallamo shi daga asibiti ita ce "hanji". Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa kuma ya rikice. Yana sane da abin da yake son faɗa, amma da ya buɗe baki sai wata kalma dabam ta fito. Ƙanwarsa Salamatu, mai sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, ta bar wa maƙwabciyarta shago ta tare a gidansa na Treichville don jinya, tunda matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa Iklima kuma tana aiki a kantin magani, sai la'asar take dawowa.

"Hanji, Salamatu. Hanji."

Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara wa mahauta firiza, don haka ta ɗauka kwaɗayi ne ya taso masa. Ta aika wa amininsa Harouna mai nama, ya kawo kayan ciki, ta yi farfesu mai ƙarancin gishiri kamar yadda likita ya ce. Mijinyawa ya kalli kwanon, ya kalle ta, ya ture shi gefe. Ya lalubo sandarsa, ya ja ƙafa har ƙarshen tsakar gida, inda jirgin saman da yake ƙerawa yake a lulluɓe da tamfol.

Shekara da shekaru yana haɗa jirgin nan, da injin tsohuwar mota ƙirar kunkuru, fukafukan katako da alminiyam, da kujera ɗaya tal. Salamatu ba ta taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. Ta yaye tamfol ɗin, shi kuma ya ɗora yatsa a kan wani tiyo da ya taso daga tankin mai ya nufi injin. Ya bushe, duk ya tsattsage.

"Wannan ne hanjin, Yaya?"

Ya lumshe ido. Ta yanki guntunsa da wuƙar kicin, ta ƙulle a bakin gyale, washegari ta hau motar haya ta tsallaka gada zuwa wurin masu kayan mota na Adjamé.

Mai shagon farko ya juya guntun ya tambaye ta wace mota ce. Ta ce ba mota ba ce, jirgin sama ne. Ya yi dariya har ya kira na kusa da shi ya zo ya ji, sannan ya miƙo mata farin tiyon roba wanda ake ganin cikinsa, ya ce da shi za ta riƙa ganin mai yana wucewa. Na kusa da shi ya ce kada ta kuskura, fetur zai busar da shi ya karye, ta ɗauki bututun jan ƙarfe. Wani dattijo da ke cin acceke, wato dambun rogo, a kan benci ya sa baki, ya ce jan ƙarfe tsagewa yake yi idan inji na girgiza, baƙin tiyo mai zare a ciki shi ne na mai. Suka kaure da gardama, Faransanci na shiga Julanci, suka mance da ita a tsaye. Kanta ya ɗaure. Ta sayi duka ukun.

A gida ta baje su a tabarma. Mijinyawa ya ɗauki farin ya jefar. Jan ƙarfen ya daɗe yana shafawa kafin ya ajiye. Baƙin kuwa ya lanƙwasa shi, ya leƙa raminsa, ya gwada da tsohon guntun, ya miƙa mata.

"Ni zan sa?"

Ya sa hannun hagu ya ɗaga mata na dama, ya sake shi ya faɗi a cinyarsa. Ba ta ƙara tambaya ba.

Nan wahalar ta fara. Ta cusa bakin tiyon a tanki, ta ɗaure da zoben ƙarfe, ta tambaye shi inda za ta bi da shi. Ya ce, "Sama." Ta ɗaga shi ta saman injin, ya buga sanda a ƙasa. Ya sake cewa, "Sama," yana nuna ƙasa da haɓa. Ta sauke shi, ta bi da shi ta hanya mafi kusa, ya kwanta luf a jikin salansa.

"Ruwa!" in ji Mijinyawa da ƙarfi. "Ruwa! Ruwa!"

Ta ruga ta ɗebo masa a kofi. Ya kawar da kai, idonsa ya cicciko. Ta tsaya da kofin a hannu, ba ta san ko haƙuri za ta ba shi ba ko ita ce za ta yi kukan.

Haka Iklima ta tarar da su. Ta ajiye jaka, ta dubi tiyon, ta dubi mahaifinta.

"Gwaggo, ina jin wuta yake nufi. Wannan ƙarfen ai zafi yake yi sosai. Ko ba haka ba, Papa?"

Ya riƙo hannun 'yarsa ya matse. Daga nan suka daina sauraren kalmominsa. Salamatu za ta ɗora tiyon a wuri, Iklima na riƙe da hannunsa. In ya matse an yi daidai, in ya saki a canza. Da haka suka kewaye salansar da tazarar tafin hannu, suka naɗa roba a inda tiyon ya ratsa ta hudar ƙarfe don kada ya ci shi, suka sa matacin mai a tsakiya. Matacin ma sai da suka cire suka juya shi, don Salamatu ta sa shi a baibai, shi kuwa yana ta cewa "Juma'a".

Da suka zuba fetur a tanki suka tara kwalba a ɗaya bakin, ko ɗigo bai sauko ba. Iklima ta duba waya, ta yi ta karanta bayani da Faransanci, ta ce wasu sun ce famfo ake sawa, wasu sun ce ba a buƙata. Mijinyawa ya miƙa sanda ya danna wani wuri da tiyon ya yi tozo sama. Salamatu ta kwance shi ta miƙar, ya zama gangare tun daga tanki. Sai ga fetur yana tsiyaya a kwalba. Ta haɗa bakin da kafireton injin.

Ranar Lahadi Harouna ya zo. Aka ɗaure wutsiyar jirgin a jikin bishiyar mangwaro, aka kori yara zuwa zaure. Harouna ya kama farfela ya wulwula, ya sake, ya sake. Injin ya yi tari, ya tashi da ƙara mai toshe kunne. Iska ta kwashe shanyar maƙwabta, wata mata ta fito da ludayi tana salati. Salamatu ta zuba wa tiyon ido, tana jiran ya tsiyaye ko ya kama da wuta. Bai yi ko ɗaya ba. Mijinyawa na zaune a kujera, rabin fuskarsa na murmushi. Da ya gamsu ya ɗaga hannu, Harouna ya kashe.

Kunnenta na kuka, ta durƙusa gabansa.

"To Yaya, ga shi ya tashi. Amma wa zai tuƙa shi?"

Ya ɗaga hannun hagu a hankali ya nuna, ya ce, "Albasa."

Iklima ta rantse Gwaggo ya nuna. Harouna ya ce a'a, ƙofar gida da ke bayanta ya nuna, domin shi tun tuni yake tunanin ta ina jirgin zai fita, fukafukansa sun fi zauren faɗi nesa ba kusa ba. Salamatu ta waiwaya ta dubi ƙofar, ta dubi jirgin. Ta sake tambayar yayanta, amma gajiya ta riga ta kama shi, ya jingina kai ya rufe ido.

Ta mayar da tamfol, ta je ta taya matar nan tsince kayanta daga kwata tana ba ta haƙuri. Matar ta tambaye ta yaushe za a tashi sama. Salamatu ta ce wallahi ita ma ba ta sani ba.